Lasisi ɗaya ga Corolla da Lamborghini: shin ya isa?

A galibin ƙasashen duniya, dokar lasisin tuƙi nauyin mota take dubawa da yawan kujerunta, ba ruwanta da ƙarfin injin. A Tarayyar Turai, lasisin rukunin B ya halatta wa mutum duk motar da nauyinta haɗe da kayanta bai wuce kilo 3,500 ba, fasinjojinta kuma ba su haura takwas ba ban da direba. Ke nan wanda ya ci jarrabawa da safe a ƙaramar mota mai ƙarfin doki 70, a ƙasashe da yawa yana iya karɓar makullin mai ƙarfin doki 700 da yamma ya hau titi, kuma babu jami'in da zai tare shi ya ce ya karya doka.

Mota kaɗai aka yi wa wannan sassauci. A Tarayyar Turan dai, tun Janairun 2013 lasisin babur hawa-hawa ne: A1 ga babur ɗin da bai wuce cc 125 da kilowat 11 ba, A2 ga wanda bai wuce kilowat 35 ba, sai A mai buɗaɗɗen ƙarfi, wanda ba a samunsa sai mutum ya shekara biyu a kan A2 ko kuma ya kai shekara 24. A Amurka, matuƙin ƙaramin jirgin sama ba ya hawa jirgin da injinsa ya haura ƙarfin doki 200 sai malami ya horar da shi ya sa masa hannu a littafinsa na tuƙi. A waɗannan fagage biyu an daɗe da yarda cewa ƙarfin inji wani mataki ne da ake hawa a hankali.

Abin da ya sa maganar ta taso da ƙarfi yanzu shi ne ƙarfin ya yi arha. Ferrari Testarossa ta 1984, wadda a zamaninta ake kallonta a matsayin ƙurewar gudu, ƙarfin doki 390 gare ta, kuma tana cin kusan sakan shida kafin ta kai kilomita 100 a awa daga tsaye. Yau Volvo EX30 mai inji biyu, ƙaramar motar iyali mai aiki da lantarki, sakan 3.6 take buƙata. MG4 XPower tana yi a 3.8. Tesla Model S Plaid, mai ƙarfin doki 1,020, sakan biyu da 'yan kai ne. Ga shi kuma motar lantarki tana sakin ƙarfinta gaba ɗaya da zarar an taka, babu rurin inji, babu canjin giya, babu wata alama da za ta gaya wa jikin direba cewa abu ya fara yawa.

Masu tsara doka ba sa auna ƙarfin doki shi kaɗai, domin tirela ma tana da ƙarfin doki 500. Abin da suke aunawa shi ne kilowat nawa ke jan kowane tan ɗaya na nauyin motar. Kilowat ɗaya ya kai kusan ƙarfin doki ɗaya da sulusi. Corolla ta yau da kullum tana tsakanin 70 da 80 a kowane tan. Ford Mustang mai injin V8 tana kusan 190. Lamborghini Huracán ta haura 300. Wannan adadi shi ne ke nuna yadda mota za ta zabura idan an taka ta, kuma a kansa duk muhawarar take.

Inda mota ke ƙwacewa

Mutane da yawa suna ɗauka haɗarin irin waɗannan motoci yana can a gudun kilomita 250 ko 300. Akwai shi a can, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Mafi yawan abin tsoron yana faruwa ne a cikin gari, a gudun da bai kai 80 ba, cikin sakan biyu ko uku.

A ɗauki direban da ke tafiya a kan 50 ya danne totur har ƙasa na tsawon sakan biyu. A Corolla zai samu ƙarin kamar kilomita 20, ya tsinci kansa a wajen 70, ya ɗaga ƙafa, magana ta wuce. A motar da ke kai 100 cikin sakan uku, wannan takun ɗaya zai kai shi wajen 110, kuma ya riga ya cinye mita arba'in da wani abu. Kuskuren iri ɗaya ne, sakamakon ne ya bambanta. Kuma ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Mai son tsallaka titi, ko mai fitowa daga lungu, yana hango mota a nisan mita 100 ya ƙiyasta cewa yana da sakan bakwai, domin haka ido ya saba. Idan motar ta koma 110, sakan uku da 'yan kai ne ya rage masa. Lissafinsa daidai ne, motar ce ta fita daga abin da titin ya saba gani.

Sai batun taya. Duk ƙarfin da inji ke da shi, ta wurare huɗu kawai yake isa ƙasa, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Riƙon da taya ke yi wa kwalta kuma yana da iyaka, kuma iyakar ɗaya ce ake rabawa tsakanin ayyuka uku: turawa gaba, tsayawa, da karya kwana. Abin da aka kashe a ɗaya an rage shi daga sauran. Motar da ke ja da tayoyin baya, idan aka ba ta wuta da yawa alhali sitiyari bai gama miƙewa ba, tayoyin bayan suna kashe duk riƙonsu wajen turawa, babu abin da ya saura na riƙe gefe, sai bayan motar ya fara zamewa waje.

Abin da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ne. Direba ya ji baya ya tafi, ya firgita, ya yi abu biyu a tare: ya murɗa sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya zame, amma a makare kuma fiye da kima, sannan ya cire ƙafa daga totur gaba ɗaya. Cire ƙafar nan yana sa tayoyin baya su daina juyin banza su cafke kwalta farat ɗaya. A daidai lokacin tayoyin gaba suna kallon gefen titi, saboda murɗawar da ya yi. Sai motar ta yi tsalle ta nufi inda suke kallo, wato dakalin masu tafiya a ƙasa ko hannun masu tahowa. Daga farkon zamewa zuwa karo, sau da yawa bai kai sakan biyu ba. Motocin da injinsu ke tsakiya ko baya sun fi saurin yin haka, domin nauyin da ke bayan direba idan ya fara juyawa da wuya ya tsaya, kuma ko ba a ba su wuta ba, ɗaga ƙafa kwatsam a tsakiyar kwana yana mayar da nauyi gaba ya sauƙaƙa bayan har ya zame.

Tayoyin kansu na musamman ne. Robarsu an haɗa ta ne don ta yi aiki da zafi. Da sanyin safiya, ko a mintunan farko bayan an tashi, ba su da riƙon da direba ya saba ji jiya da rana, kuma tayoyin bazara irin waɗannan suna taurara idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri bakwai. Faɗinsu, wanda ke taimako a busasshiyar kwalta, yana zama matsala a ruwa: taya mai faɗi da zane marar zurfi ba ta iya kore ruwan da ke gabanta da sauri, sai ta hau kansa ta yi iyo, sitiyari ya zama ba ya jin magana. Tsufa ma yana cin roba ko da zanen bai suɗe ba, kuma motoci masu tsada su suka fi faɗa wa wannan tarko saboda ba a cika hawansu ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Hatsarin da ya kashe ɗan wasan fim Paul Walker da abokinsa da ke tuƙi a California a Nuwamban 2013 ya haɗa waɗannan abubuwa wuri guda: Porsche Carrera GT, motar da ba ta da na'urar daidaita tafiya, gudun da masu bincike suka ƙiyasta tsakanin mil 80 da 93 a titin da iyakarsa mil 45, da tayoyin da suka kai shekara tara.

Birki kuwa yana yaudarar mutane. Gaskiya ne motar tsere tana tsayawa da kyau: daga 100 tana iya tsayawa a mita 31 zuwa 33, inda ta yau da kullum ke cin 36 zuwa 40. Amma a duba girman bambancin. A zabura ta ninka Corolla sau uku, a tsayawa kuwa da ƙyar ratar take wuce kashi ɗaya cikin biyar, domin a nan roba da kwalta ke hukunci, ba inji ba. Nisan tsayawa kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu: idan gudu ya ninka biyu, nisan ya ninka huɗu. Motoci biyu su taka birki a layi ɗaya da ƙarfi ɗaya, ɗaya a kan 100 ɗaya a kan 140, a daidai wurin da ta farko ta tsaya cak, ta biyu tana wucewa da gudun kusan 98. Wannan ban da sakan ɗaya da rabi da direba kan ɓata kafin ƙafarsa ta isa birki, wanda a gudun 200 ya kai mita 83 da aka tafi ba a rage komai ba.

Abin da ke rufa wa direbobi da yawa asiri shi ne na'urar daidaita tafiya da ake kira ESC. Tana auna inda sitiyari ke nufa da inda motar ke tafiya a zahiri sau da yawa cikin sakan guda, idan ta ga sun saɓa sai ta rage wuta ta matse birkin taya ɗaya tak don ta dawo da motar hanya, abin da ƙafar mutum ba za ta iya ba. Mercedes da Bosch suka fara sa ta a 1995, ta zama dole a Amurka daga motocin 2012, a Tarayyar Turai kuma ga duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Binciken cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ya nuna tana rage haɗarin mutuwa a hatsarin da mota ke yi ita kaɗai da kusan rabi. Matsalar ita ce motoci masu ƙarfi suna zuwa da maɓallin sassauta ta ko kashe ta, domin filin tsere, kuma babu abin da ke hana a danna shi a gaban kasuwa.

Waɗanda suka gwada

Jihar Kudancin Ostireliya ce ta fito da lasisi na musamman saboda wannan. A Yunin 2019, wata Lamborghini Huracán ta ƙwace a wata unguwa ta birnin Adelaide, ta hau gefen titi ta kashe wata yarinya 'yar shekara 15 da ke tafiya a ƙasa. A 2022 kotu ta wanke direban daga laifin kisa ta hanyar tuƙin ganganci, ta same shi da ƙaramin laifi na rashin kula, ya tafi da ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Iyayen yarinyar suka tsaya kai da fata sai an gyara doka. Daga 1 ga Disamban 2024, duk mai tuƙa motar da ta kai kilowat 276 a kowane tan a jihar sai yana da lasisin rukunin U, kuma kashe na'urorin tsaro irin su ESC da ABS (mai hana taya kullewa idan an taka birki) a kan titi ya zama laifi mai tarar da za ta iya kai dalar Ostireliya 5,000. Sai dai hanyar samun lasisin kwas ne a intanet da tambayoyi a ƙarshensa, ba a shiga mota ko sau ɗaya.

Akwai tsarin da ya girme wannan, wanda ke kallon sabon direba a maimakon mota. Jihohin Victoria, New South Wales da Queensland suna hana sababbin direbobi masu lasisin gwaji tuƙa motar da ta wuce kilowat 130 a tan. Da farko dokar cewa ta yi babu inji mai silinda takwas (V8) babu turbo, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, sai aka ga tana hana matasa ƙananan motocin zamani masu turbo waɗanda suka fi tsaro, tana tura su ga tsofaffin motoci, shi ya sa aka koma lissafin ƙarfi da nauyi. Italiya ma tana da nata: tun Disamban 2024, a shekaru uku na farko sabon direba ba zai wuce kilowat 75 a tan ba, ƙarfin motar gaba ɗaya kuma ba zai haura kilowat 105 ba.

Shin yana aiki? Masu bincike a Jami'ar Monash sun duba bayanan hatsari na Ostireliya da New Zealand, suka ga cewa matashin da ke cikin mota mai ƙarfi ya fi takwaransa shiga hatsarin da ake jin rauni da rata mai yawa. Amma sun ga wani abu kuma: irin waɗannan matasa ba su da yawa, don haka ko an hana su duka, abin da zai ragu a jimillar raunukan matasa 'yan kaso kaɗan ne cikin ɗari. Masu adawa da ƙarin lasisi a nan suke kafa hujja, kuma hujjarsu tana da nauyi. Mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma galibinsu motoci da babura na yau da kullum ne ke kashe su, ta hanyar gudun wuce sa'a, maye, rashin ɗaura bel da munanan tituna. Ko tsohuwar ƙaramar mota tana iya kai 160. Duk gwamnatin da ta kafa lasisin motocin alfarma ta ɗauka ta magance matsalar hanya, ta yaudari kanta.

Akwai kuma wani binciken IIHS na 2023 da ya kamata kowa ya tsaya a kansa. A cikin motoci 21 da direbobinsu suka fi mutuwa, shida nau'o'in Camaro, Challenger, Charger da Mustang ne, wato motocin Amurka masu manyan injina. Amma motocin alfarma da ƙarfinsu ya yi kusa da na waɗannan suna cikin waɗanda direbobinsu suka fi tsira. Ƙarfin doki kusan ɗaya, sakamako hannun riga. Wannan yana nuna cewa wanda ya sayi motar, da dalilin da ya sa ya saye ta, da yadda aka tallata masa ita, suna da tasiri kamar injin ko fiye.

Daga nan ne ake faɗawa babban tarko. Da zarar an ce ƙarin lasisi, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne a kai direba fili a koya masa yadda ake kamo mota idan ta zame. An gwada, kuma abin da ya fito ba shi aka zata ba. Norway ta wajabta wa sababbin direbobi horo a kan santsi a 1979, binciken da aka fitar a 1988 ya nuna hatsarin samari maza a kan titi mai santsi ƙaruwa ya yi bayan horon. Finland ta ga makamancin haka a tsakanin matasa bayan ta shigar da irin horon a 1990. Tun 1974 ma wani bincike a jihohi uku na Amurka ya gano cewa masu lasisin tseren mota, waɗanda babu mai shakkar gwanintarsu, sun fi direbobi gama-gari yawan hatsari da laifin gudu a kan titi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwanintar da aka koya a yini ɗaya tana dusashewa cikin 'yan watanni idan ba a maimaita ta, amma jin cewa "ai na iya" ba ya dusashewa. Mutum ya fita da ƙarfin gwiwar da ya fi hannunsa, ya shiga kwanar da da can zai rage gudu kafin ya shige ta. Lasisin da aka gina a kan wannan horo gyaran gangar Auzinawa ne, domin takarda ce hukuma ta ba mutum da ke gaya masa shi gwani ne.

To ina mafita? A ganina ƙarin mataki ya dace, amma ba a matsayin shaidar gwaninta ba. Amfaninsa na gaskiya uku ne: yana jinkirta haɗuwar sabon direba da babban inji, yana kawar da uzurin "ban san haka motar take ba" a gaban kotu, kuma abu ne da za a iya ƙwacewa ba tare da an hana mutum zuwa aiki da ƙaramar mota ba. Na ukun nan shi ne mafi ƙarfi, kuma shi aka fi mantawa.

Hawa biyu sun isa. Na farko a wajen kilowat 130 a tan, ba ya buƙatar wata jarrabawa, shekara uku kawai da cikakken lasisi ba tare da babban laifin gudu ko maye ba. Na biyu ga motocin da suka yi nisa, shi ne zai buƙaci yini guda a fili da mota. Abin da za a yi a wannan yini shi ne zai raba tsari mai amfani da mai cutarwa. A sa direba ya ajiye alama a inda yake zaton zai tsaya daga 60, 80 da 100, sannan ya taka ya ga yadda ya wuce alamar. A maimaita a jiƙaƙƙiyar kwalta. A sa shi ya zaga da'ira mai ruwa da ESC a kunne, sannan a kashe, ba don ya koyi kamo motar ba, don ya ji da jikinsa cewa kafin ya motsa hannu ta riga ta juya. A nuna masa bambancin taya mai sanyi da mai zafi, yadda ake karanta shekarar taya, da ma'anar harafin gudu da ke jikinta: H kilomita 210, V 240, W 270, Y 300. A gaya masa cewa man birki yana shan danshi, nau'in DOT 4 da ke tafasa a digiri 230 yana sabo yana iya saukowa wajen 155 idan ya tsufa, kuma idan ya tafasa feda tana nutsewa ƙasa ba tare da motar ta tsaya ba, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Kada a auna lokaci, kada a yi gasa, kada a yaba wa wanda ya fi kowa sauri. Ƙasar Ostiriya da ke Turai ta bi wannan salo a 2003, inda sabon direba ke dawowa bayan 'yan watanni don horo a fili haɗe da zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, kuma hatsarin sababbin direbobi ya ragu bayan haka.

Wurin ja layi ma yana da nasa rikici. Iyakar 276 ta Kudancin Ostireliya ta kama galibin motocin Ferrari da Lamborghini, amma ta bar Mustang da BMW M3 a waje, alhali su ne suka fi yawa a titi kuma suka fi sauƙin isa hannun matashi. Motocin lantarki sun ƙara dagula lissafin. Batirinsu yana da nauyi, don haka adadin kilowat a tan yana fitowa ƙasa alhali zaburarsu ta fi ta motar mai. A Turai kuma takardar rajistar motar lantarki tana ɗauke ne da ƙarfin da za ta iya riƙewa na minti 30, wanda sau da yawa bai kai rabin abin da take saki a sakannin farko ba. Ƙari a kan haka, ana iya ƙara wa mota ƙarfi ba a taɓa ƙarfe ko ɗaya ba: makaniki ya sauya lissafin kwamfutar injin turbo, ko kamfani ya sayar da ƙarin zabura ta intanet, kamar yadda Tesla da Mercedes suka yi. Doka mai hankali za ta haɗa ma'auni biyu, ƙarfin ƙololuwa a kan nauyi da kuma sakan nawa motar ke ɗauka zuwa 100, duk wanda ya fara cika shi ne hukunci, sannan ta wajabta sanar da hukuma duk ƙarin ƙarfi da aka yi.

Lasisi kuma ba ya tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai. Wanda ya yi niyyar tsere a tsakiyar gari ba rashin sani ke damunsa ba, kuma babu kwas da zai gyara shi. Ga irinsa, abin da wasu ƙasashe suka yi ya fi dacewa. Jamus ta mayar da tseren titi babban laifi a 2017, bayan wasu 'yan tsere biyu sun kashe wani dattijo a tsakiyar Berlin a 2016, da ɗaurin da zai iya kai shekara goma idan an rasa rai. Denmark tun Maris 2021 tana ƙwace motar duk wanda ya wuce kilomita 200, ko ya ninka iyakar gudu alhali yana sama da 100, ta yi gwanjonta, ko da motar aro ce ko haya. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya sa masu ba da haya da masu ba da aro suka fara tantance wanda suke miƙa wa makulli, kuma nan ne gurbin da ya fi girma. Mai motar da ya shekara biyar da ita ya san halinta. Wanda ya karɓe ta na awa uku don biki ko ɗaukar hoto, ko ɗan da ya ɗauki makullin mahaifinsa, bai taɓa jin yadda take zabura ba, kuma yana da 'yan kallo da yake son burgewa. Dole dokar ta ɗora wa mai mota da kamfanin haya alhakin duba lasisin, ta kuma fayyace matsayin baƙo mai lasisin wata ƙasa, da makaniki da dillali da ke motsa motar don aiki.

Kamfanonin ƙera motoci suna da kayan aikin da za su sauƙaƙa duk wannan, kuma sun riga sun nuna suna iyawa. Dodge ta sayar da Hellcat da makulli biyu, ja mai sakin ƙarfin doki 707, baƙi mai tsayar da shi a 500. Ford tana da makullin da iyaye ke ƙayyade wa iyakar gudu su kuma hana a kashe na'urar hana taya juyin banza. Volvo ta tsayar da duk sababbin motocinta a kilomita 180 tun 2020. Nissan GT-R da aka sayar a Japan tana tsayawa a 180, ba ta sakin sauran gudun sai na'urar taswirarta ta tabbatar motar tana cikin filin tsere da aka sani. Idan mota tana iya gane filin tsere ta saki gudu, tana iya gane titin gari ta ƙi yarda a kashe ESC, tana kuma iya riƙe cikakken ƙarfinta har sai an sa makullin da aka ɗaura wa lasisin hawa na biyu.